Sabunta radar jiragen yaƙi: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk mai bin labarin jiragen yaƙi ya san ba a daɗewa sai ka ji wata ƙasa ta sa hannu a kwangilar gyara jiragenta, kuma in ka duba abin da za a sauya, rada ce kusan kullum a sahun gaba. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi, wasu amsarsu layi biyu ce, wasu kuwa sai an gyara zama.

Wai ina radar take a jikin jirgin, kuma me take yi?

A cikin hancin jirgin take. Wancan tsinin na gaba da kake gani ba ƙarfe ba ne, murfi ne da aka yi da wani abu mai barin igiyar rediyo ta wuce, a bayansa eriyar take. Radar tana harba igiyar rediyo, igiyar ta daki abu ta dawo, daga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo kwamfuta ta lissafa nisan abin. Yawancin radar jiragen yaƙi suna aiki ne tsakanin gigahaz 8 zuwa 12, tsawon igiyar kamar santimita 3, shi ya sa eriyar da ba ta kai faɗin mita ɗaya ba take iya fitar da siririn haske mai kaifi.

Ba nisa kaɗai ba, har gudu tana aunawa. Abin da ke tunkaro ka, igiyar da ta dawo daga jikinsa firikwensinta, wato yawan kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya, yana ɗan hawa, wanda ke gudunka kuma ya ɗan sauka, toh da wannan ɗan bambancin ne ake tsamo jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa daga cikin tarin amon da duwatsu da itatuwa da gine-gine ke maidowa. Kafin a ƙware a wannan dabarar, in abokin gaba ya yi ƙasa da kai shi ke nan ya ɓace maka.

Jirgi yana tashi lafiya lau, me ya sa za a taɓa radarsa?

Saboda gangar jirgi da kayan lantarkinsa ba tare suke tsufa ba. F-16 ya fara tashi tun 1974 kuma har yau ana ƙera shi, gangar da aka kula da ita tana iya shekara 30 ko 40 tana aiki, amma kayan lantarkin da aka zana a shekarun 1980 yau wasu ma kamfanonin da ke yin sassansu sun daina, sai ka ga ana kwance wata radar don a gyara wata.

Sai kuma abin da ake nema ya sauya. Da can babban jirgi ake farauta, mai cika allo, yanzu kuwa ga makamai masu linzami da ke bin ƙasa-ƙasa, ga jirage marasa matuƙi ƙanana masu tafiya a hankali, ga na'urorin toshe sigina waɗanda ke kwafe igiyarka su maido maka da ta ƙarya. Na uku kuma, kuma ni a ganina shi ya fi matsa wa ƙasashe, makaman sun fi radar cin zango. Makami mai linzami Meteor na Turai, wanda jiragen Gripen na Suwidin suka fara aiki da shi a 2016, da PL-15 na Sin da sababbin samfurin AMRAAM na Amurka duk suna zuwa nesa sosai. In makaminka na iya zuwa inda idonka bai kai ba, ai ka biya kuɗin zangon da ba za ka mora ba.

Kullum ana cewa AESA, PESA, meye bambancinsu da ta da?

Iri uku ne.

Ta farko ita ce mai juyawa da mota. Eriya guda ce kamar faifai, injin yana kaɗa ta hagu da dama, sama da ƙasa, kuma akwai bututu guda ɗaya mai samar da ƙarfin igiyar gaba ɗaya. Kafin ta share sararin gabanta ta dawo sai ta ci daƙiƙoƙi, kuma in bututun nan ya mutu ko motar ta sare, radar ta mutu ke nan. APG-68 ta F-16 da Captor-M ta Eurofighter Typhoon duk irin wannan ne, kuma kar a raina su, Captor-M rada ce mai kyau ƙwarai a ajinta.

Ta biyu ita ce PESA. A nan eriyar ba sai ta motsa ba, fuskarta cike take da ƙananan ƙofofi ɗaruruwa, kowace tana iya jinkirta igiyar da ke fita ta cikinta da ɗan ƙanƙanin lokaci, idan aka tsara jinkirin daidai sai igiyoyin su haɗu su ƙarfafa juna ta ɓangare ɗaya su kashe juna ta sauran ɓangarorin, kaga an karkata hasken ba tare da komai ya motsa ba, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Amma har yanzu tushen ƙarfin guda ne ko biyu a baya. Irbis-E ta Su-35 da Bars ta Su-30MKI da RBE2 ta farko da aka sa wa Rafale duk PESA ne.

Ta uku, AESA, ita ce wadda kowace ƙofa take da nata ɗan injin aikawa da karɓa, wato ƙananan radoji ne wajen 1,000 ko fiye aka jera a faifai ɗaya suna aiki tare, manyan jirage masu faɗin hanci suna wuce 1,500. Tunda mai ƙara ƙarfin siginar yana daf da bakin eriya, ba a asarar ƙarfi a hanya, kuma ɗan raunanan amon da ya dawo ana kama shi tun bai lalace ba. Duk sabuntawar da kake ji yanzu kusan tafiya ce daga ta farko ko ta biyu zuwa ta uku.

Wa ya fara?

A PESA Tarayyar Sobiyat ce, da radar Zaslon a kan MiG-31 wanda ya shiga aiki a 1981. A AESA kuma mutane da yawa suna ɗauka Amurka ce, amma Japan ce da J/APG-1 a kan jirginta F-2 wanda ya shiga aiki a 2000, a ƙarshen shekarar nan kuma Amurka ta sa APG-63(V)2 a kan F-15C guda 18 da ke Alaska. A Turai Rafale ne ya riga kowa, a 2012.

Toh a aikace me AESA ke ƙara wa matuƙi?

Abin da ya fi burge ni ba zangon ba ne, yin aiki da yawa a tare ne. Tunda hasken yana tsalle daga nan zuwa can nan take, radar tana iya bin jirage da dama, tana share sama don neman sababbi, tana aika wa makamin da aka harba gyaran hanya, kuma a tsakanin haka ta leƙa ƙasa ta zana taswira. A jirgi mai kujera biyu na gaba yana kallon sama na baya yana kallon ƙasa, duk da rada ɗaya. Taswirar nan ma ba wasa ba ce, akwai salon da radar ke amfani da tafiyar jirgin kansa ta haɗa hoto mai kaifi na ƙasa, cikin dare, ta cikin gajimare ko ƙura, inda kyamara ba ta da amfani, kuma tana iya ware motocin da ke tafiya daga waɗanda ke tsaye.

Sai ƙarko. Ba mota, ba bututu mai babban lantarki, su ne dama suka fi lalacewa a tsofaffin. In wasu 'yan ƙananan injinan suka mutu radar ba ta tsayawa, ƙarfinta ne kawai ke ɗan raguwa, masu gyara a sansani sun fi kowa son wannan.

Sai kuma maganar ɓuya. Rada kamar tocila ce a cikin duhu, kana haska don ka ga mutum amma shi tun daga nesa ya riga ya hango haskenka kafin kai ka gan shi, domin igiyarka sau ɗaya ta yi tafiya ta isa gare shi, kai kuwa sai ta je ta dawo. Kowane jirgin yaƙi yana da na'urar da ke yi wa matuƙi ƙara in an haska shi. AESA tana rage wannan matsala ta hanyar sauya firikwensi a kai a kai, da baza ƙarfinta, da rage shi zuwa iya abin da ake buƙata, yadda na'urar abokin gaba za ta sha wahala kafin ta gane cewa rada ce ba hayaniyar sama ba. Rage wa fa na ce, ba kawarwa ba, na'urorin saurare su ma ba barci suke ba. Wasu sababbin kuma ana iya juya su su zama makami da kansu, su tattara ƙarfi su toshe radar abokin gaba, wannan na cikin abin da Birtaniya ke nema da sabuwar radar Typhoon ɗinta, ECRS Mk2.

Kilomita nawa take gani?

Wannan tambayar ita ta fi jawo musu a intanet kuma ita ce ta fi rashin amsa guda. Duk wanda ya ce maka rada kaza tana ganin kilomita kaza, ka tambaye shi, ganin me? Babban jirgin dakon mai da ƙaramin makami mai linzami ba ɗaya ba ne. Daga gaba yake zuwa ko gudu yake? Sama yake ko yana ƙasa cikin amon duwatsu? Radar duk sama take sharewa ko an riga an ce mata duba can? Misali masu Irbis-E suna tallata kilomita 350 zuwa 400, amma wannan a kan abu ne mai girman amo murabba'in mita 3, wato girmansa a idon rada, kuma a cikin ɗan matsattsen yanki take nema, in ta buɗe nema sosai zangon yana raguwa. Su kuma Amurkawa ainihin alƙalumansu ba sa bugawa, don haka jadawalin da ake yawo da su ana jera radoji daga ta ɗaya zuwa ta goma, gaskiya yawanci shaci-faɗi ne.

Abin da yake tabbas shi ne lissafin. Igiya tana raunana a tafiya kuma ta sake raunana a dawowa, saboda haka in kana son ninka zango sau 2 da ƙarfi zalla, sai ka ninka ƙarfin sau 16. In ka ninka ƙarfi sau 2 kawai, abin da za ka samu bai kai ƙarin kashi 20 cikin 100 ba. Shi ya sa injiniyoyi suka fi damuwa da faɗin eriya da tsabtar karɓa da wayon kwamfuta fiye da ƙara wuta.

Meye kuma GaN da ake ta yayatawa?

Sinadarin da ake yin 'yan ƙananan injinan ne. Na farko da galiyom asanaid ake yi, GaAs ke nan, sabon kuma galiyom naitaraid, GaN. Na biyun yana jure lantarki mai ƙarfi da zafi fiye da na farkon, yana fitar da ƙarfi ninki da yawa daga guntu mai girma ɗaya, kuma yana aiki a faffaɗan firikwensi. Radar APG-79(V)4 da ake sa wa tsofaffin jiragen Hornet na sojan kundumbalar ruwan Amurka da na Kanada da GaN aka yi ta.

Wani abu a gefe, kusan duk ɗanyen galiyom na duniya daga Sin yake fitowa, ana samunsa ne wajen tace ma'adinin alminiyom, kuma a Agustan 2023 Sin ta sa dokar neman izini kafin fitar da shi, a Disamban 2024 kuma ta sanar da hana sayar wa Amurka. Kaga har siyasar ma'adinai ta shigo cikin hancin jirgi.

Ba kawai a kwance tsohuwar a ɗaura sabuwar ba ne?

Ina! A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan kuɗi da shekaru ke tafiya.

Fara da wuta. Janaretan jirgi an auna shi ne da kayan zamanin da aka zana jirgin, sabuwar rada tana son wuta fiye da haka, ga sabuwar kwamfuta ga sababbin allo ga na'urar toshe sigina duk suna layi. Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gaba, domin kaso mai yawa na wutar da ke shiga radar ba igiya yake zama ba, zafi yake zama, a cikin ɗan matsattsen wuri, dole a zagaya ruwan sanyaya ta bayan faifan a kwashe zafin a kai shi wani waje, sau da yawa cikin man jirgin ake juye shi ko a ja iska daga injin a sarrafa, kuma duk iskar da ka ja daga injin ka rage masa wani abu. Kana iya sayen radar da ta fi kowace a duniya amma in jirginka ba zai iya sanyaya ta ba, dole a rage mata ƙarfi, ka koma gidan jiya.

Sai nauyi. AESA sau da yawa ta fi tsohuwar nauyi a can gaba, kuma nauyi a hanci yana sauya daidaiton jirgi, wani lokaci sai an ƙarfafa bangon da za a ɗaura ta. Murfin hancin ma an yi shi ne don firikwensin tsohuwar, in sabuwar tana aiki a faffaɗan zango sai an sake murfi, haka aka yi wa Typhoon na Birtaniya. Bayan wannan tsohuwar kwamfutar jirgin ba za ta iya haɗiye yawan bayanan ba, tsofaffin wayoyi ba za su iya ɗauka ba, ɗan ƙaramin allon matuƙi ba zai nuna taswirar mai kaifi ba, kaga rada ta jawo kwamfuta, kwamfuta ta jawo waya, waya ta jawo allo. Sannan a zo kan manhaja, kowane makami sai an koya masa magana da sabuwar radar an gwada an harba an tabbatar, kuma a tabbatar radar ba ta toshe wa na'urorin jirgin kansa kunne ba.

Shi ya sa radar AESA ta kamfanin Northrop Grumman mai suna APG-83 ta yi kasuwa. Ba don ta fi kowace ƙarfi ba, a'a, an zana ta ne musamman ta shiga hancin F-16 da wuta da sanyin da jirgin yake da su, ba tare da an yanka gangar ba. Ni ina ganin wannan shi ne wayo, rada mai matsakaicin ƙarfi da ta shiga jirage ɗaruruwa ta fi gagarumar da ke zaune a ɗakin gwaji.

Kar kuma a ɗauka tsofaffin jirage kaɗai ke wannan fama. F-35 sabo ne amma kayan lantarkinsa sun fi ƙarfin sanyin da aka tanada masa tun farko, har ana jan iska daga injin fiye da yadda aka tsara, abin da ke rage wa injin kwana. Kuma sabuwar kwamfutarsa da ake kira TR-3, wadda ita ce ginshiƙin gyare-gyaren da suka haɗa da sabuwar rada APG-85 mai maye gurbin APG-81, manhajarta ta ƙi kammaluwa har Amurka ta daina karɓar sababbin jiragen daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024, ana ƙerawa ana jerawa a fili.

Su waye ke wannan aikin yanzu?

Kusan kowa. A ɓangaren F-16, Taiwan ta maida 139 zuwa samfurin F-16V, Girka tana yi wa 83, Koriya ta Kudu da Singafo su ma sun bi, ita kanta Amurka tana sa APG-83 a ɗaruruwan nata. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta riga su tun tuni da APG-80 a kan F-16E/F. A F-15 kuma APG-82 ta Raytheon ce, a kan F-15E da sabon F-15EX, Japan da Koriya ta Kudu ma ita suka zaɓa.

Labarin Typhoon ya fi ban dariya, ƙasashen da suka ƙera jirgin ba su ne suka fara samun AESA a kansa ba, Kuwait ce ta fara karɓa a ƙarshen 2021 sai Katar, da samfurin ECRS Mk0. Jamus da Sifaniya suka kama hanyar Mk1 da Hensoldt da Indra, Birtaniya ta ware ta yi Mk2 da Leonardo, jirgi ɗaya rada uku. Indiya tana shirin cire Bars daga Su-30MKI ta sa tata mai suna Virupaksha, Tejas Mk1A kuma ya fara da EL/M-2052 ta Isra'ila kafin Uttam ta gida. Turkiyya tana da MURAD ta kamfanin Aselsan don F-16 ɗinta. JF-17 na Pakistan da Sin ya samu KLJ-7A a samfuri na uku.

An ce AESA ba ta motsi, me ya sa ta Typhoon da ta Gripen E suke juyawa?

Tambaya mai kyau. Faifan da ke kafe yana karkata haskensa kamar digiri 60 kowane gefe, kuma yayin da kake matsawa gefe ƙarfin yana raguwa, domin daga can gefen faifan ya zama siriri, a digiri 60 kamar rabin faɗinsa ne ke aiki. Turawa sai suka ɗora faifan a karkace kan wani abu mai juyawa, Captor-E ta Typhoon da Raven ES-05 ta Gripen E duk haka suke, suna iya duba wajen digiri 100 kowane gefe.

Amfanin a faɗa yake. Ka harba makami mai dogon zango, yana buƙatar ka riƙa aika masa inda abokin gaba ya koma har ya matso ya buɗe tasa 'yar radar, in radarka gaba kawai take gani dole ka ci gaba da tunkarar wanda shi ma ƙila ya harbo maka nasa, amma in tana ganin gefe sosai sai ka karya ka yi gefe kana nisanta kanka kuma har yanzu kana jagorantar makamin. Kuɗin da aka biya shi ne an dawo da abu mai motsi da nauyinsa. Rasha ta bi wata hanya a Su-57, ta ƙara ƙananan faifai a kumatun jirgin.

Sabuwar rada tana ganin jiragen nan masu ɓuya, irin F-35 da J-20?

Tana gani, amma a kusa. Lissafin nan na ɗazu shi ke aiki a nan ma, in aka rage amon jirgi sau 10,000 zangon ganinsa yana raguwa sau 10, wato radar da ke ganin jirgi na yau da kullum a kilomita 200 sai ya zo kilomita 20 za ta gan shi, shi kuwa tuni ya gama da kai. In sabuntawa ta ƙara maka rabin zango, 20 ta zama 30, an samu ƙari amma ba a sauya wasan ba. Shi ya sa ake haɗawa da na'urar neman zafi, irin PIRATE ta Typhoon da Skyward-G ta Gripen E, ita ba ta fitar da komai, zafin injin da na gangar jirgi take kamawa, sai dai gajimare na damunta kuma auna nisa yana mata wuya.

Toh tsohon jirgi mai sabuwar rada ya kamo sabon jirgi ke nan?

A ido ya matso, a jiki bai matso ba. Rada ba ta rage girman amonka, ba ta faɗaɗa hancin da aka haife ka da shi. Amma yawancin aikin da sojan sama ke yi kullum ba karo da jirgi mai ɓuya ba ne, sintiri ne da tare jiragen da suka ɓata hanya da kakkaɓo marasa matuƙi da kai hari ƙasa, a nan kam da tsohuwar zuma ake magani. Kuma yanzu jirgi ba shi kaɗai yake faɗa ba, ta hanyar sadarwa irin Link 16 babban jirgin leƙe mai faifai a baya zai iya ba shi hoto shi kuma ya kashe radarsa ya yi shiru har lokacin harbi. Ƙasar da ta sayi rada ta manta da sadarwa da horon matuƙa rabin kaya ta saya.

Duk mai kuɗi zai iya saye?

A'a. Rada tana cikin abubuwan da ƙasashe suka fi riƙewa. A 2015 Amurka ta ƙi ba Koriya ta Kudu fasahohi huɗu da ta nema don jirginta KF-21, AESA na ciki, duk da abota da sayen F-35 da Koriyar ta yi, sai suka zauna da kamfanin Hanwha suka yi tasu, jirgin ya fara tashi a Yulin 2022. Ko an sayar maka ma, akwatin ake ba ka ba manhajar ciki ba, in kana son haɗa makamin da ka ƙera ko ka gyara yadda take gane radar maƙwabcinka sai ka koma wajen mai ita ka nemi izini ka biya. Wannan ne ya sa Indiya da Turkiyya suka nace sai sun yi tasu ko da ta farko ba ta kai ta waje ba.

Tsoron kada sirrin rada ya faɗa hannun abokin gaba yana da tarihi. A Satumban 1976 matuƙin Sobiyat Viktor Belenko ya gudu da MiG-25 ya sauka a Hakodate ta Japan, Amurkawa da Japanawa suka warware jirgin suka ga komai, dole Sobiyat ta sake wa jiragen rada, daga nan MiG-25PD ya fito. Bayan haka kuma aka gano Adolf Tolkachev, injiniya a cibiyar Phazotron mai ƙera radar jiragen yaƙi, ya yi shekaru yana miƙa wa CIA takardu, aka kama shi a 1985 aka kashe shi a 1986. In abokin gaba ya san yadda radarka ke magana, na'urarsa ta toshe sigina ta gama da ita tun ba a tashi ba.

A gyara tsoho ko a sayi sabo, wanne ya fi araha?

A takarda gyara ne, tunda matuƙa da makanikai da kayan gyara da rumbuna duk suna nan. Amma sai an duba sauran kwanan gangar. Ana auna rayuwar jirgi da awannin tashi, F-16 an tsara shi a kan awa 8,000, Amurka ta yi shirin ƙarfafa wasu su kai 12,000, in jirgi saura masa 'yan awanni ka zuba masa rada mai tsada kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Kuma kuɗin yana da halin kumbura bayan an fara. Japan ta fara da niyyar gyara F-15J har 98, da farashi ya haura aka dakata aka sake ciniki aka sauko 68. Birtaniya a 2023 ta sa hannu a kwangilar fam miliyan 870 don ci gaba da ECRS Mk2 da haɗa ta da jirgin, kuma Typhoon 40 kacal aka tsara za su samu, na rukunin ƙarshe.

Shekara nawa aikin ke ɗauka?

Ya fi yadda ake zato. Amurka ta amince da gyaran F-16 na Taiwan a 2011, aikin ya kankama a masana'antar AIDC da ke Taichung wajen 2017, jirgi na farko ya fito a 2018, na ƙarshe sai ƙarshen 2023. ECRS Mk2 an ba da babbar kwangilar haɓaka ta a 2020, ta fara tashi a kan Typhoon a Satumban 2024, kuma sai wajen ƙarshen shekarun 2020 ake sa ran ta shiga aiki. Dalili ɗaya shi ne ba a iya kwashe jirage duka a kai gareji lokaci guda, ƙasa na buƙatar masu gadin samanta, don haka kaɗan-kaɗan ake shigar da su, wasu na ciki a kwance wasu na sama da tsohuwar rada, kuma na tsawon shekaru rundunar tana riƙe da kayan gyara iri biyu da horo iri biyu.